Awon Guba a Ƙasa da Ruwa da Jini: Larura Ce Ko Ɓarnar Kuɗi?

A farkon 2010, mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara sun lura agwaginsu na ta mutuwa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a karkara. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, jikinsa ya saki, sai jijjiga ta biyo baya, kafin a farga an kai shi makwancinsa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. A watan Maris, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau a yankin suka ga mace-macen yara sun wuce misali. Sai da aka ɗebi jini aka tura ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar waje, sannan aka gano cewa gubar dalma ce.

Asalin abin kuwa zinare ne. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya bayan 2008, mutane suka koma haƙa gadan-gadan. Dutsen da suke haƙowa a wannan yanki cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a zuba a injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a kan ƙasa, da kwanon abinci, da zanen goyo. Da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi ƙauyuka biyu gida-gida, sun tarar yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega da sauran ƙauyukan ta kai aƙalla 400.

Tun daga wannan lokaci ake tafka muhawara tsakanin masu ruwa da tsaki a harkar lafiya da muhalli. Ɓangare guda na cewa dole gwamnati ta ware kuɗi da ma'aikata don a riƙa auna ƙasa da ruwa da abinci da jinin yara a kai a kai, ba sai an ga gawa ba. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙasa irin tamu tana da buƙatun da suka fi wannan gaggawa, kuma awon ma ba ya haifar da komai sai tarin takardu. Duka ɓangarorin akwai masu hankali da kishi a cikinsu, don haka ya dace a saurari kowa tsakani da Allah.

Masu ja da baya suna farawa ne da maganar aljihu. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Tamowa na cin yara a Katsina da Sakkwato da Zamfarar kanta. Akwai ƙananan asibitocin da mace za ta zo haihuwa ba ungozoma, ba wuta, ba ruwa. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, amma a yawancin shekaru Najeriya ko rabin haka ba ta kaiwa. Suka ce, a cikin wannan ƙunci, duk nairar da aka kashe wajen sayen na'urar awo an ɗauke ta ne daga gidan sauro ko allurar rigakafi, waɗanda kowa ya san amfaninsu a take. Sinadaran da masana'antu ke sarrafawa a duniya dubbai ne masu yawa. Wanne za a auna, wanne za a bari? Manyan na'urorin gwaji suna son wutar da ba ta ɗaukewa, da kayan aikin da ake sayowa da dala, da ƙwararrun da albashinmu ba ya iya riƙe su. Na'ura nawa aka sayo da tsada a ƙasar nan ta ƙare a lulluɓe da ƙura a wani ɗaki?

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin tarihi ne ke goyon bayanta. A watan Agustan 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan yankin Ogoni a jihar Ribas. An auna ƙasa da ruwa a wurare masu yawa. A wata unguwa ta garin Ogale an tarar da sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, a ruwan rijiya ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya har sau 900. Rahoton ya ce tsabtace yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan ɗaya. Amma sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin, kuma har yau mazauna yankin na kukan tafiyar hawainiya. Haka aka yi a Bagega. An san ƙasar garin ta gurɓace, an san yara kusan 1,500 na jiran magani, likitoci kuma suka ce ba za su iya farawa ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin in aka wanke jinin yaro ya koma gidan da ya ɗauko gubar aikin banza aka yi. Sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A Kano ma, shekara da shekaru malamai da ɗaliban jami'a ke auna ruwan da majemu da masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai ke zubarwa, suna rubuta abin da suka gani na ƙarafa masu guba irin su kuromiyam, amma masu lambu a bakin Jakara da Getsi ba su daina ban-ruwan latas da alayyahu da shi ba. Masu wannan ra'ayi suka ce awo ba ya ƙara wa hatsi auki: in ba niyyar gyara, sanin yawan gubar ƙarin baƙin ciki ne kawai.

Hujja ta uku ita ce wadda talaka da kansa zai kawo. Sau da yawa sakamakon awo yakan zama bulala a bayan mara ƙarfi. Da aka fara bincike a Zamfara, an samu ƙauyukan da suka ɓoye mace-macen 'ya'yansu, don tsoron kada hukuma ta hana haƙar zinare. Kada a yi saurin zarginsu da rashin imani. Mutumin da noman gero ba ya kai shi ƙarshen shekara, ya samu abin da ke ba shi kuɗin cefane da na magani da na auren 'ya, in aka ce masa ya bari ba tare da an nuna masa wata hanya ba, an ce masa ne ya zaɓa tsakanin yunwa da guba. Babban kamfani yana da lauyoyi da hanyar ganin manya. Mai turmi da guduma kuwa shi ake fara kamawa.

To, mene ne amsar masu goyon bayan awo?

Abu na farko da suke cewa shi ne, labarin Zamfara da kansa ya rushe hujjar fifita zazzaɓi a kan guba. Yaran nan maganin zazzaɓi aka yi ta ba su. Kuɗin ya tafi, lokacin ya tafi, yaran ma suka tafi, saboda ba wanda ke da hanyar bambance wannan jijjigar da waccan. Dalma ba ta da wari, ba ta sauya launin ƙasa yadda ido zai gane, alamominta kuma sun yi kama da na cututtukan da muka saba da su. Waɗanda ta kashe ma su ne aka iya ƙirgawa. Yaron da gubar ba ta kai ga kashe shi ba tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya taso da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a makarantar allo da ta boko ana cewa daƙiƙi ne, kuma wannan illa ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara lahani. A 2020, UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, har zuwa miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai maikurogiram 5 a kowace desilita, matakin da ake cewa a tashi tsaye. A ƙauyuka biyun nan na Zamfara, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce, wato matakin da sai an ba da maganin fitar da guba.

Kuma ba a bakin ramin zinare kaɗai dalma take ba. Tana cikin tsofaffin batiran mota da ake fasawa a narke a bayan kasuwa, tana cikin wasu fentin gida, tana iya shiga tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen ƙarafa. Har kwallin da iyaye mata ke rambaɗa wa jarirai don ƙauna, in na dutse ne, yawancinsa dalma ce. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Gwajin jini ne ya ceci wannan yaro. Takwarorinsa na Kano da Maraɗi da Damagaram, wa ya taɓa gwada su?

Abu na biyu, suka ce maganar tsada ta kwana biyu. A Zamfara aikin da ya fi ceton rai da ƙananan na'urori aka yi shi. Akwai wata da ake riƙewa a hannu, ana kiranta XRF. Ma'aikaci zai durƙusa a tsakar gida, ya ɗora bakinta a kan ƙasa kusa da murhu ko inda ake shanya, ya danna, cikin minti ɗaya ko biyu lamba ta fito. A wancan lokacin, ma'aunin Amurka na inda yara ke wasa kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wuraren sarrafa dutse a Zamfara an ga sama da 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla. Gwajin jini ma ɗigo ne daga yatsa, sakamako ya fito kafin uwa ta gama gyara goyo. Iyakar abin da wannan ƙaramar na'ura ke iya karantawa 65 ne, kuma yara da dama sun zarce iyakar. Da waɗannan lambobi aka san gidan da za a kankare ƙasarsa a zuba sabuwa, da yaron da za a fara ba magani. Ba don su ba, da an yi ta lalube a cikin duhu. Kafin MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jihar a 2022, an gwada yara sama da 8,000, an yi wa dubbai magani, mace-macen kuma suka tsaya.

Suna kawo misalin Bangaladesh. Tun daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse a can don raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa. An yi nasara a wannan, amma ba wanda ya auna ruwan don neman sinadarin arsanik, sai a 1993 aka tabbatar yana ciki, bayan miliyoyin mutane sun sha shekaru suna sha. Abin da aka yi daga baya mai sauƙi ne. Aka bi rijiyoyi miliyoyi da ƙaramin kayan gwaji, wadda ruwanta ke da guba aka shafa wa bakin famfonta jan fenti, mai kyau kuma aka shafa mata kore. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya gane saƙon, kuma gidaje da yawa suka koma ɗiba a rijiyar maƙwabta. Mu ma yau ko'ina burtsatse ake haƙawa, na gwamnati da na 'yan siyasa da na masu neman lada, kuma abin da aka fi dubawa shi ne ruwan ya fito garau.

Abu na uku, in ba mu auna ba wasu za su auna mana. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an sha samun ragowar maganin ƙwari mai suna daikulobos fiye da ƙima, sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kashe ƙwari. Manomi da ɗan kasuwa sun yi asarar kasuwa. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, waken da Turawa suka ƙi karɓa irinsa ne muke dafa ƙosai da alale da shi, kuma a tashar jiragen ruwan wata nahiya aka fara gaya mana abin da ke cikin tukunyarmu.

Game da Ogoni da Bagega kuwa, masu goyon baya sun ce a sake duba labarin. Jinkiri an yi shi, kuma abin kunya ne. Amma me ya sa aka saki kuɗin Bagega daga ƙarshe? Matasa ne suka ɗauki alƙaluman suka yi ta yayatawa a kafafen sada zumunta da jaridu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka mara musu baya, har ta kai ba yadda za a yi a musanta. Kukan Ogoni ya girmi rahoton 2011 da shekaru da dama, kuma a duk tsawon lokacin ana iya cewa siyasa ce ko ƙarin gishiri. Da lamba 900 ta fito, bakin musu ya mutu. Mara ƙarfi ba shi da sojoji ba shi da kuɗi, amma in yana riƙe da sakamakon gwaji yana da abin nunawa a gaban alƙali da gaban duniya.

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, ni a ganina masu goyon bayan awo ne suka fi nauyi, amma ba su da ikon yin watsi da abin da abokan muhawararsu suka faɗa. Hujjar tsada ita ce mafi rauni, domin ba wanda ya ce a auna komai a ko'ina. Mun riga mun san wuraren da haɗarin yake: ƙauyukan haƙar zinare, magudanan majemu, wuraren narka batir, rumbunan hatsi, da sababbin rijiyoyi. Shaidar rashin yin haka ta zo a 2015, shekara biyar kacal bayan Zamfara, lokacin da yara 28 suka mutu da irin wannan guba a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Sana'a ɗaya, dutse iri ɗaya, a jiha maƙwabciya. Da akwai ma'aikata ko da ƙalilan da ke zagaya wuraren haƙa da na'urar hannu, da wuya abin ya kai ga haka. Wannan mutuwa ba za a ce ba a san hanyarta ba.

Sauran hujjoji biyun kuwa, na tarin takardu da na bulala a bayan talaka, gaskiya ne, kuma su ne ya kamata su zama sharuɗɗan aikin. Sharaɗi na farko, sakamako ya koma ga masu shi. In an auna rijiyar ƙauye, dagaci da liman da matan da ke ɗibar ruwa su ne farkon waɗanda za su ji, da Hausa ko Fulatanci ko duk yaren da suke yi, a bakin rijiyar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Hanyar kuma ta zama mai zuwa da komowa: a Minamata ta Japan kyanwoyi ne suka fara haukacewa kafin a 1956 a gane cutar a jikin mutane, wadda daga baya aka gano gubar zaiba ce, a Zamfara kuma agwagi ne. Mai unguwar da ya kai rahoton mutuwar dabbobi ba gaira ba dalili ya kamata ya samu mai sauraronsa.

Sharaɗi na biyu, a ɗaure kowace lamba da aiki. Doka ta fayyace cewa in dalma ta kai kaza a ƙasa ko a jini, ofishi kaza ne zai motsa cikin kwana kaza, da kuɗin da aka riga aka ware. Muna da hukumar muhalli ta NESREA tun 2007, muna da hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC, muna da ma'aikatun muhalli da na lafiya da na ma'adinai a tarayya da jihohi. Abin da ke faruwa shi ne kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Sharaɗi na uku, mai awo ya zama daban da mai gurɓatawa. Mutanen Arlit da Akokan a Nijar, inda aka shafe shekaru sama da hamsin ana haƙar yuraniyom, sun san wannan. Sai da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CRIIRAD ta Faransa da Greenpeace suka zo da na'urorinsu, sannan aka samu wasu alƙaluman da za a gwada da na kamfanonin haƙar. Jami'o'inmu da ke Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da masanan da za su iya wannan aiki in an ba su kayan aiki da 'yancin faɗin abin da suka gani.

Sharaɗi na huɗu, a zo da mafita tare da gargaɗi. Abin da ya yi aiki a Zamfara shi ne da sarakuna da dagatai suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. A jihar Neja an gwada fesa ruwa a kan injin niƙa, ƙurar ta ragu ƙwarai, aka kuma koya wa masu haƙa su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma gida su ɗauki yara. Ga mai ajiye wake akwai buhu mai ninki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da magani ba. Mutumin da ya ga cewa gwaji zai bar masa sana'arsa kuma ya tsare masa 'ya'ya, da kansa zai kawo su a gwada.

Saboda haka ina tare da masu cewa a auna, kuma a fara tun yanzu daga inda aka san akwai haɗari. Gwamnonin jihohin da ake haƙar zinare su sa gwajin dalma cikin ayyukan ƙananan asibitocin waɗannan yankuna, kamar yadda ake awon ciki da allurar rigakafi. Kada a buɗe wata rijiyar burtsatse ta jama'a sai an gwada ruwanta an kafa sakamakon a jikinta. Majalisun jihohi kuma su tambayi ma'aikatun muhalli kowace shekara wurare nawa suka auna, me suka gani, kuma me suka yi a kai. Yaran ƙauye amana ne a hannun shugabanni kamar yaran birni, kuma shugaban da aka nuna masa hanyar sanin abin da ke kashe su ya ƙi bi, ba shi da uzurin cewa bai sani ba, a nan duniya ko gobe kiyama.